Ƙazantar Ranar Laraba

Laraba ta zagayo, na'urar kuma ta sake haukacewa.

Shekara uku Chizuru ta yi a tsohon ramin haƙar ma'adinan nan, can ƙarƙashin dutse, tana haɗa ta da hannunta. An ɓoye na'urar nan ne don kada tururin nukiliya ko kaɗan ya same ta, ta yi tsit ta saurari ƙwayoyin zarra. To ga shi kwanan nan tana ta ƙirga abin da bai kamata ba. Ƙazanta ta shigo. In kuwa daga haɗin Chizuru ne, digirinta ya sha ruwa, ga tsohon ciki, ina ita ina sake farawa?

"Ke dai amsa laifinki," in ji Daigo, abokin aikinta, yana cusa dunƙulen shinkafa a baki. "Ko atishawa kika yi a ciki?"

"Shinkafar nan ta shaƙe ka."

Ba tsiyar Daigo ce ta dame ta ba, Malam Kuramochi ne, mai duba aikin digirinta. Mutumin da ya koya mata har yadda ake sa safar hannu, wanda kullum a motarsa suke shiga ramin, ya janye jiki. Laraba da safe yana birni, wai taro. Da rana ya dawo, rigar aiki tana masa lilo a jiki, Chizuru na shiga ɗaki shi kuma ya fice. Tsoro ya cika ta, don ta tabbata ya gama yanke mata hukunci.

Ta ɗauki ƙaramin ma'aunin tururin nukiliya na hannu ta shiga farauta da kanta. Bango, shiru. Bututun iska, shiru. Takalman ma'aikata, shiru. Sai da ta doshi ɗakin na'urar ya fara: ƙas... ƙas... ƙas.

Malam na zaune jikin garkuwar da ta kewaye na'urar, hular kwano a cinya, ya zuba wa na'urar ido kamar mai gadin jariri.

"Tsaya nan," ya ce. "Kada ki matso."

"Malam, in korata za ka yi, ka faɗa mini baki da baki. Wannan gudun ya ishe ni!"

Ta ƙara taku. Ma'aunin ya ɓarke da ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ta kai shi wajen bututu, ya lafa. Ta dawo da shi wajen Malam, ya sake ɓarkewa.

Malam ya miƙe da ƙyar ya ja da baya har ya manne da bango, idonsa a kan cikinta.

"Haɗinki ba shi da aibi, ki yafe mini," ya ce a hankali. "Kasa zama na yi a gida in mutu ban ga sakamakon ba. Ja da baya saboda yaron nan. Allurar kansar da ake yi mini duk Laraba tana da tururin nukiliya, shi ne na'urar take ƙirgawa."