Faifan Kwikwiyo a Bakin Ƙaton Kare

Kai da kullum bakinka ba ya rabo da "ai na san shi tun yana ƙarami", gyara zama ka ji abin da wannan magana ta jawo wa wani mai lambu. Mutumin nan shi kaɗai yake zaune a bakin fadama, daga shi sai karensa Duna, wanda ya tsinto a kwata tun idonsa bai gama buɗewa ba. Yana kwikwiyo haɗama ta yi masa yawa, ya handame abinci ya amayar, sai likitan dabbobi ya ba mai lambu wani ɗan faifan roba ruwan ɗorawa mai ramuka-ramuka. A shafe shi da tunkuza, kare ya yi ta lasa a hankali har hankalinsa ya kwanta. Faifan ya yi aikinsa, ya tsufa, ya ɓata. Duna kuwa ya girma ya zama ƙato, idan ya miƙe ƙafafunsa na gaba har kafaɗar mutum suke kaiwa. Shi ke korar birai, shi ke kwana a bakin bukka. Amma a idon maigidansa har gobe ɗan abin nan ne da ya taɓa sakawa a aljihun riga.

Ana nan, gadu ya shigo lambu ya farke wa Duna cinya. Likita ya ɗinke, ya ce a riƙa wanke ciwon, kuma tunda karen ba ya tsayawa, a nemo masa faifan lasa babba mai kauri ya ɗauke masa hankali. Mai lambu ya shiga gari. Mai shago ta miƙo masa wani baƙi, faffaɗa, mai tauri kamar tayar mota. Bai ko karɓa ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan wani ɗan ƙarami ruwan ɗorawa, sak irin na da. Ta ce, "Baba, wannan na kwikwiyo ne fa. Babban kare loma ɗaya zai yi masa." Ya ce, "'Yata, ni na rene shi. Ke za ki gaya mini bakin karena?" Ba rowa ba ce ta sa, wallahi, so ne, irin son da ba ya buɗe ido.

Ya koma gida ya shafe faifan da tunkuza, Duna ya fara lasa yana kaɗa jela. Da ruwan gishiri ya sauka a kan ciwon, zafi ya sa ya datse haƙora, faifan ya naɗe a bakinsa, kafin a ce kwabo ya wuce maƙogwaro. Mai lambu har dariya ya yi, wai yadda ya shiga haka zai fito. Ina! Karen ya daina ci, ko ruwa ya sha sai ya dawo, ciki ya kumbura ya yi tauri. Kafin a tura shi gari a amalanke hanji ya riga ya ruɓe. Ciwon cinya kuwa ya kame tsaf, ya fara warkewa.

Duna dai ya mutu. Ƙarƙashin mangwaro mai lambu ya haƙa masa rami, yana haƙa yana hawaye. Ya jawo gawar, rami ya ƙi ɗauka. Ya ƙara faɗi, ƙafafu suka tokare. Ya sake ɗaukar fartanya, birai na zaune kan reshe suna cin mangwaronsa ba mai ce musu kul. A bakin ramin nan ne ya fara ganin girman karensa, ranar da ganin ba shi da sauran amfani. Abin tausayi ne, amma Hausawa sun riga sun faɗa: sabo turken wawa.