Jikan Madam Agat

"Ni fa jikan Madam Agat ne, ta gidan kumandan!" in ji Mushe Iliya, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, inda ake ce wa malamin boko Mushe. Turawa sun tafi, amma shi bai bar bugun ƙirji da ita ba, don marigayi babansa ya sha faɗin cewa nononta ya sha.

Malam Inusa, uban yarinyar da yake nema, ya ce ba ya ba da ɗiya sai ya ji asali daga bakin manya.

Iliya ya kai shi har Kore Mairuwa, wajen Gwaggo Habsatu, yayar babansa. Ya sa aka yanka bunsuru daga garkenta, aka zauna ci.

"Gwaggo, faɗa mishi ko wace ce Madam."

"Allah ya jiƙan Madam," in ji tsohuwa. "Da uwarmu ta rasu, ita ta shayar da ubanka. Fara fat, ga nono, ga ƙaho."

"Ƙaho?" in ji Iliya.

"Akuyar kumandan ce mana. Zuri'arta duk tana wurina." Ta nuna ƙashin da ke hannun Iliya. "Wanga ma da kake gwaigwaya ɗan'uwanka ne."

Malam Inusa ya ajiye nasa ƙashin, ya ɗaga hannu sama.

"Mushe, ya haƙurin rashi?"