Lafiya Lau, Umma

Shekara uku ke nan da aka raba wa yara masu galahanga allon ratayawa a wuya. Yaro ya danna maɓallin hoto, allo ya yi magana a madadinsa. 'Yata Nusaiba, kullum na tambaye ta yadda ta kwana, allonta sai ya ce, "Lafiya lau, Umma." Har na daina duban fuskarta.

Ranar Talata muryar allon ta dishe, na kai wa Haladu mai gyara a kasuwa. Da ya gama, ya danna hoton ciwon kunne don gwaji.

"Lafiya lau, Umma," in ji allon.

Ya danna na kuka. Amsar ba ta canza ba.

"Ai an sa masa ladabi ne, Hajiya," in ji Haladu. "Iyaye maza ke zuwa a sa, kada yaro ya yi ƙorafi gaban baƙi. Maigidanki ma ni na yi wa, tun bara."

Na karɓi allon ina dubawa. Duk maɓallan fes suke kamar sababbi, ban da na kunnen. Yatsan Nusaiba ya cinye shi har hoton ya goge.