Tabarau Mai Ganin Ƙasan Ruwa

"Wannan ruwan ɗorawar na 'yan tseren keke ne," in ji Lutfi, yana jera tabarau a kan kanta. "Baƙin nan kuma na masu gudu cikin rairayi. Baffa Sadok, da furfurarka wace gasa za ka shiga?"

Tsohon bai yi dariya ba. "Na teku nake so."

"Ga shi. Yana kashe ƙyallin rana a kan ruwa, har kifi za ka hango a ƙasa."

"Zurfin gaba nawa?"

"Uku, in ruwa ya kwanta."

"Babu wanda ya fi shi?"

Lutfi ya saba da masuntan garin Jarjis da rainin kaya. "Ko a Tunis babu. Irinsa na sayar wa ɗanka Wajdi kwanan baya, ya ce tseren kwale-kwale zai shiga. Ya ci kuwa?"

Sadok ya goge tabarau ɗin da bakin rigarsa. "Italiya suka nufa. Jirgin ya kife. Kowa na ce mini teku ba ya riƙe gawa. Masu faɗar haka ba su taɓa jira a bakin gaɓa ba."

Lutfi ya daina jera tabarau.

"Uwarsa ba ta ce in kawo shi da rai ba, Lutfi. Kabarin da za ta riƙa ziyarta take so. Gaba uku ka ce?"

Lutfi ya gyaɗa kai.

"Inda suka nutse ya fi arba'in."

Sadok ya maƙala tabarau ɗin, ya nufi inda ya ɗaure jirginsa.