Wasiƙun Dattijon Daji

Ranar Laraba da la'asar Malam Maharazu ba ya amsa sallamar kowa. A lokacin ne gidan rediyon Kaduna ke karanta wasiƙun masu sauraro, shi kuwa mutum ɗaya yake jira, wani mai sa hannu da sunan Dattijon Daji, wanda ake jefa wasiƙunsa a gidan wayar Faskari.

Shekarun da kuɗin mai suka fara yawo ne. Manyan ma'aikata sun sayi motoci da bindigogi masu baki biyu, duk Asabar sai su kwararo dajin Damari, su koma da barewa da gada jibge a bayan mota. Dattijon Daji ya sa su gaba. Ya san kowace mashayar namun daji, ya san watan da gada ke ɗauke da ciki, ya san lambar motar kowa. Wasiƙarsa guda ta sa wani babban akawu ya yi wata uku bai leƙa kulob ba.

Maharazu, malamin aji biyar a firamaren Damari, ya mutu a kan mutumin nan. Ya daina cin naman daji. Ya ƙwace danƙon harbin tsuntsu na ajinsa kaf. Da aka haifa masa namiji ya so a raɗa masa Dattijo, liman ya ce a nemo suna.

Matsalarsa ɗaya ce, surukinsa. Baba Rabo, mahaifin matarsa Suwaibatu, shi ne sarkin maharban yankin, da tsohuwar bindigar tokarsa. Kunya ta hana Maharazu yi masa wa'azi baki da baki, sai wata Laraba ya ɗauki rediyo ya ajiye a zauren tsohon ya ƙure murya. Baba Rabo ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce mutumin nan ya iya magana. Washegari ya aiko masa da cinyar gada.

Maharazu ya mayar da ita. Suwaibatu, wadda ta yi aji bakwai kuma ba ta ɗaukar raini, ta yi yaji kwana tara, ta kwashe har da bironsa da ambulan ɗinsa zuwa gidan mahaifinta.

Ana nan gwamnati ta ji kunya ta hana farautar mota, ta sa masu gadi a bakin hanya. 'Yan birni suka ɗauke ƙafa, daji ya sake cika. Sai dai hayaƙin bandar nama a gidan Baba Rabo ya fi na da tashi. Abin ya ishi Maharazu, ya rufe ido ya rubuta wa gwarzonsa ta rediyo, ya kai ƙarar surukinsa da suna. Amsa ta zo mako biyu bayan nan: a yi haƙuri da tsofaffi, mai bindigar toka nawa zai kashe? Maharazu ya yi ƙwalla. Ga ilimi, ga tausayi.

Da aka sanar za a ba Dattijon Daji lambar yabo a Faskari, Maharazu ya sa babbar rigarsa ta salla, ya hau babur tun da hantsi ya kama kujerar gaba. An gayyato maharba su saki bindiga don tarbar baƙi, kuma cikin rashin sa'a surukin nasa ya zo ya zauna dab da shi yana warin albarushi. Maharazu ya ɗan matsa, kada gwarzon ya iso ya gan su tare.

Baƙo daga Kaduna ya gama jawabi, ya kira sunan. Maharazu ya miƙa wuya yana duban layin masu kwat. Sai ya ji an ɗora masa wani abu mai nauyi a cinya.

"Malam, riƙe mani bindigar nan," in ji Baba Rabo yana miƙewa, "ni ake kira."