Harshen da Bai San Miyar Inna Ba

Tun da likitoci suka iya rainon nama a kwalba, ciwon daji ya daina raba mutum da bakinsa. Sun cire harshen Talatu, suka dasa mata sabo, jawur kamar na jariri.

Ranar da ta koma madafi ta kaɗa miyar kuka, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, yadda marigayiya Inna ta koya mata. Harshen bai tuna komai ba.

Ta kai wa yayarta Asabe, wadda tsufa ya kwantar.

"Yaya, ɗanɗana. Haka ta Inna take?"

Asabe ta lasa. "Ƙara daddawa."

Talatu ta riƙe hannunta gam. Duk duniya, harshe ɗaya ya rage da ya san miyar nan.