Takalmin Hagu

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba.

Tun da likita ya ce ciwon daji ya cinye ƙashin gwiwar Yaya ta hagu, sai an yanke ƙafar, ƙanwarmu Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta faɗa shagon Baba, ta tarar yana ɗinka wa Yaya takalmi, ƙafa biyu.

"Baba, ai ɗaya zai sa."

"Ke, ƙafar robar da za a sa masa ba takalmi za ta yi yawo?" Ya yi dariya, bai ɗago ba.

Sai ta ga yana shimfiɗa soso cikin na hagun, yana lalubawa da yatsa, kada ƙusa ta soki ɗansa.

Ta sulale kafin ya ɗago.